Agogo, Takalmi da Ƙafa: Matsayin Fasaha a Bajintar Wasanni

Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a taron ɗaliban ƙasar Zuru da aka yi a Danko lokacin dogon hutu



Da farko muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan hutu lafiya, muna kuma godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a bar yara irinmu su tsaya gaban manya su yi magana. Batun da aka ɗora mana shi ne matsayin fasahar zamani a wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, da kuma irin bajintar nan da ake rubutawa a ce wane ya kafa tarihi. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan mutumin Danko da wannan zance, shi da ko filin tsere na kirki ba shi da shi? Muna roƙon mai wannan tambaya ya yi haƙuri ya saurara, domin amsarta ce ta kawo mu.

Bari mu fara da abin da ya faru a gaban idonmu. Shekarar da muke ajin ƙarshe a sakandare aka yi gasar gidaje kamar yadda aka saba. Aka share fili, aka ja layuka da toka, malamin wasanni ya auna mita ɗari da takinsa, wani malami kuma ya tsaya a bakin layin ƙarshe da wayarsa a hannu, ita ce agogo. Akwai wani yaro a ajinmu, ɗan manomi, wanda tun muna ƙanana ba mu taɓa ganin an sha gabansa a guje ba. Aka busa usur, ya fita kamar kibiya, ƙafa ba takalmi, ya iso ya juya yana jiran na biyu. Da mai agogo ya duba sai ya ga sakan tara da 'yan kai, watau ƙasa da abin da Usain Bolt ya yi ranar da ya girgiza duniya. Fili ya ɗauki sowa, malamai suka yi ta dariya, aka ba yaro bokitin roba da sabulu, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana biyu wasu daga cikinmu suka ari tef na magina muka je muka auna filin, sai muka tarar bai cika mita casa'in ba.

Mun yi dariya a lokacin, amma da muka ƙara hankali sai muka ga akwai abin baƙin ciki a ciki. Dukanmu mun san yaron nan yana da gudu. Abin da babu shi ne wata lamba da za a ɗauka a kai Birnin Kebbi ko Kaduna a nuna wa masana su yarda. Yau yana gona, ba wanda ya sake tambayarsa zancen tsere, kuma har abada ba za a san ko zakaran ƙauye ne kawai ko kuwa zakaran ƙasa aka yi hasara ba.

To, a ganinmu fasahar da ta shiga wasanni iri uku ce. Akwai mai taimako, kamar takalmi da sanda da dandamalin da ake gudu a kai. Akwai mai shaida, kamar agogo da ma'aunin iska da na'urar ɗaukar hoto. Akwai kuma ta ha'inci, watau ƙwayoyi da alluran ƙara kuzari. Za mu ɗauke su bi da bi, sa'an nan mu dawo gida mu ga wadda ta fi shafar mu.

Mai taimako ita ce ta fi jawo surutu. A gasar Olamfik ta 1936 a birnin Balin na Jamus, Jesse Owens, baƙar fatar Amurka, ya ci tseren mita ɗari cikin sakan 10.3. A kan burbushin kwal da aka daddale ya yi gudun, kuma kowane ɗan tsere a zamanin da ɗan ƙaramin shebur yake zuwa ya haƙa ramin da zai kafa ƙafarsa, domin sai a 1937 aka halatta matokarin nan da ake tashi daga kansa. A wannan fili dai, ranar 16 ga Agusta 2009, Usain Bolt na Jamaika ya yi sakan 9.58 a kan shimfiɗar roba wadda ba ta zamewa, ba ta kuma cinye ƙarfin taki kamar yadda ƙasa mai laushi ke yi. Ba wanda zai ce Bolt ba gwani ba ne, amma ba wanda zai ce dukan tazarar da ke tsakaninsa da Owens daga ƙafa ta fito.

Shekarar 1968 ita ce ta fi nuna wannan al'amari a fili. A gasar Olamfik ta birnin Meziko aka fara yin tsere a kan shimfiɗar roba, ga shi kuma birnin yana kan tudu mai tsawon mita 2,240 daga bakin teku, inda iska ba ta da kauri, ba ta tare mai gudu sosai. A nan Jim Hines ya yi mita ɗari cikin sakan 9.95, shi ne na farko da agogon lantarki ya shaida ya sauka ƙasa da sakan goma. A nan kuma Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90, ya ƙara santimita 55 a kan bajintar da ya tarar, har na'urar awon da aka girka ta kasa kaiwa inda ya dira, sai da aka nemo tef. Shekara 23 aka yi kafin Mike Powell ya wuce shi da mita 8.95 a Tokiyo a 1991. Har ila yau a wannan gasa Dick Fosbury ya ci tsallen sama da mita 2.24, yana ƙetare sandar da baya, ya faɗi rigingine. Mu lura da kyau, da a kan yashi ko ɗiddigar katako ake faɗawa kamar dā, ba mai hankalin da zai yi irin wannan tsalle, domin wuyansa zai karye. Katifar soso ce ta haifi salon da duniya duka take bi a yau.

Haka zancen yake a tsallen gwangwala, inda mutum yakan dogara da doguwar sanda ya haye. A 1942 Cornelius Warmerdam ya haye mita 4.77 da sandar gora, irin wadda muka sani a bakin rafi. Da aka shigo da sandar da ake yi da zaren gilashi, mai lanƙwasa ta miƙe ta cilla mutum sama, sai Sergey Bubka ya kai mita shida cif a 1985, Armand Duplantis na Suwidin kuma ya kai mita 6.30 a Tokiyo a 2025. Sunan wasan bai sake ba, amma da Warmerdam zai dawo da wuya ya gane shi.

A 'yan shekarun nan takalmi ne ya ɗauki hankalin mutane. A 2017 kamfanin Nike ya fito da wani takalmin dogon gudu mai suna Vaporfly, mai kaurin soso da wani siririn faranti mai tauri a cikin tafinsa. Gwajin da aka yi a Jami'ar Kolorado ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da wajen kashi huɗu cikin ɗari, wanda a gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 ba ƙaramin abu ba ne. Ranar 12 ga Oktoba 2019 a birnin Biyana, Eliud Kipchoge na Kenya ya sa wani sabon samfurin irin wannan takalmi ya yi wannan tafiya cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40. 'Yan tsere 41 ne suka riƙa karɓeɓeniya suna tare masa iska, mota tana gaba tana haska masa layi a kan kwalta, ana miƙo masa abin sha daga kan keke. Duniya ta jinjina masa, amma hukumar wasannin ta ƙi rubuta lokacin a littafinta, ta ce wannan gwaji ne, ba gasa ba ce.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi wuya: ina iyakar taimako? Hukumomin wasanni sun sha tsayawa su ja layi. A gasar ninƙaya ta duniya da aka yi a Rum a 2009, an kafa sabon tarihi har sau 43 cikin 'yan kwanaki, saboda wasu riguna na roba masu matse jiki su kuma ɗaga mai iyo saman ruwa. Daga Janairun 2010 aka haramta su. A 1984 Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mashi mita 104.80, har aka ji tsoron wata rana mashi zai sauka kan masu tsere a ɗaya gefen fili, saboda haka a 1986 aka sake ƙirar mashin, aka matsar da nauyinsa gaba da santimita huɗu don ya riƙa faɗuwa da wuri, aka buɗe sabon littafi. A Janairun 2020 kuma aka ƙayyade cewa tafin takalmin gudun kan titi kada ya wuce milimita 40, kada kuma a sa masa faranti fiye da ɗaya. Duk da haka ba a rabu da rashin daidaito ba. Dala 250 aka sa wa takalmin nan da ya fito, wanda a canjin 2024 ya haura albashin wata biyar na ma'aikacin da ke karɓar naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar.

Jama'a, kada mu ɗauka sai Turawa suka san wannan hikima ta jan layi. Mu dubi abin da ake yi a jiharmu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya abin tattali a 2016, yana da dokarsa tun kafin a san Vaporfly. Dubban masunta kan faɗa Matan Fada a lokaci guda, kowa da homa da gora, ba a yarda da wani kayan kamun kifi na zamani ba. Amma in an fito, ba a cewa a duba da ido a faɗi wanda kifinsa ya fi girma. Sikeli ake kawowa a ɗora, shi ya sa muka san kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. A 2008 kuwa an karɓe kambu daga wanda aka fara bai wa, bayan da aka gano kifin ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa. Kabawa sun hana fasahar da za ta maye gurbin gwanintar masunci, sun karɓi wadda za ta tabbatar da gaskiyarsa. Duk muhawarar da ake yi a manyan hukumomin duniya ba ta wuce wannan ba.

To, sikelin Argungu shi ne irin fasaha ta biyu, mai shaida, kuma ita ce muke so mu daɗe a kanta. Me ya sa agogon malaminmu ya yi ƙarya, ko da filin ya cika? Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a sakan ɗaya. Mai agogon da ke tsaye a layin ƙarshe, in ƙarar usur yake jira, ba za ta iso kunnensa ba sai bayan kusan kashi uku cikin goma na sakan, a lokacin kuwa agogon gaskiya ya riga ya fara lissafi. Ga kuma jinkirin yatsa wajen dannawa, ga ɗokin tsayar da agogo tun ɗan tsere bai taɓa layi ba. Shi ya sa a ƙa'ida hayaƙi ko walƙiyar bindiga ake duba, ba ƙararta ba, kuma masu agogo uku ake sawa, in sun saɓa a ɗauki na tsakiya. Duk da wannan tsantseni, masana sun lissafa cewa agogon hannu yakan rage wajen sakan 0.24 a tseren mita ɗari, wanda ga mai gudun gaske ya fi mita biyu. Saboda haka tun daga Janairun 1977 ba a karɓar bajintar duniya a gajerun tsere sai ta agogon lantarki, wanda bindiga ke tayarwa, hoton layin ƙarshe ya tsayar. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Noah Lyles da Kishane Thompson duka sakan 9.79 aka rubuta musu, hoto ne ya raba gardama, ya nuna Lyles ya riga da kashi biyar cikin dubu na sakan. Ba idon ɗan Adam da zai iya wannan alƙalanci.

Babu labarin da ya fi na 'yar ƙasarmu Tobi Amusan nuna darajar wannan shaida. Ranar 24 ga Yuli 2022, a gasar duniya da aka yi a Yujin ta jihar Oregon a Amurka, ta yi tseren mita ɗari na tsallake shinge cikin sakan 12.12 a zagayen kusa da ƙarshe, ta shafe 12.20 da Kendra Harrison ta kafa a 2016. Nan take tsohon zakaran Amurka Michael Johnson ya ce shi bai yarda agogon daidai yake ba, wasu kuma suka koma kan takalminta. Ba a daɗe ba ta dawo zagayen ƙarshe ta yi 12.06, ta ɗauki zinariya. Sai dai ma'aunin iska ya nuna iskar da ke tura ta daga baya ta kai mita 2.5 a sakan, alhali kuwa doka ba ta yarda ta wuce mita 2.0 ba, don haka ba a rubuta 12.06 a matsayin tarihi ba. Ku duba, na'urorin da suka hana ta lamba ta biyu su ne suka tsaya mata a kan ta farko, har hukuma ta tabbatar da ita bayan bincike. Da agogon hannu aka yi aiki da shi ran nan, da har gobe ana cewa alfarma aka yi wa 'yar Nijeriya. Mu kuma tuna, ita ma daga makaranta ta taso a Ijebu-Ode. Lambobin da aka rubuta mata a gida da nasararta a wasannin Afirka na 2015 su ne suka buɗe mata ƙofar jami'a a Amurka.

Fasaha ta uku, ta ha'inci, ba za mu ɓata lokaci a kanta ba, sai dai mu nuna cewa maganinta ma yana hannun mai shaida. A Seoul a 1988 Ben Johnson na Kanada ya yi sakan 9.79, bayan kwana uku ɗakin gwaje-gwaje ya sami haramtaccen magani a fitsarinsa, aka karɓe zinariyar. A Sidni a 2000 'yan tserenmu na miƙa sanda na mita 400 sau huɗu sun zo na biyu bayan Amurka. Da ɗaya daga cikin Amurkawan ya amsa laifin shan magani sai aka soke nasararsu, a 2012 aka mai da zinariyar ga Nijeriya. Sunday Bada, ɗaya daga cikin gwarzayen, ya rasu a Disambar 2011, bai ga ranar ba. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021 kuma aka hana 'yan wasanmu goma shiga fili, alhali ba a kama ko ɗayansu da komai ba. Laifin shi ne ba a yi musu adadin gwajin da doka ta shar'anta ba kafin gasar. Yara sun yi shekaru suna zufa, rashin takarda ya zaunar da su. A nan muna jan kunnen samarinmu game da tramadol, wanda wasu ke haɗiya don noma ko don kokawa: tun daga Janairun 2024 yana cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa, kafin ma a zo zancen illar da yake yi wa jiki da hankali.

Yanzu bari mu dawo gida. Ba gaskiya ba ne a ce kakanninmu ba su damu da adana bajinta ba. A ƙasar Zuru, wadda ta ƙunshi Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, kokawa ba wasan yara ba ce. A bikin Uhola na Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, bayan an kawar da amfanin gona, a fagen kokawa saurayi ke nuna kansa, kamar yadda a golmo yake nuna juriyarsa da fartanya a gonar surukai. Tukwanen ado da mata ke ginawa a ɗora a kan kushewar manyan mutane, su ma wani irin littafi ne, mai gaya wa na baya cewa wanda ke kwance a nan ba kowa-da-kowa ba ne. A ƙasar Hausa kuma kirari da waƙa ke wannan aiki. Da ba don Ɗan Anace ba, da yawanmu da ba mu san an yi wani ɗan dambe wai shi Shago ba. Amma waƙa tana faɗin cewa wane gwarzo ne, ba ta faɗin ko da nawa ya fi wane, kuma ba ta tafiya inda ba a jin harshenta.

Ba muna cewa a kai agogon lantarki fagen Uhola ba ne. Kokawa tana da shaidarta, wanda ya sha ƙasa kowa ya gani. Ko ita ma, maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da tsari ke yi: tun 1975 suke gasar takobi ta ƙasa, da alƙalai da dokoki da jerin sunayen zakaru shekara bi shekara, har ta kai in ana kokawar ƙasar kan tsaya cik a gaban rediyo da talbijin. Gudu da tsalle da jifa kuwa, harshensu lamba ce. Hausawa na cewa ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, amma a wannan fage duniya ba ta karɓar komai sai an gwada, an kuma rubuta.

Wani zai ce, ai duk wannan sai da kuɗi, mu kuwa muna fama da rashin tsaro da ya hana wasu ƙauyukanmu noma, ya mai da wasu filayen makarantu kufai. Gaskiya ne, ba kuma za mu raina wannan ciwo ba. Amma mu tuna da Abebe Bikila na Habasha, soja kamar da yawa daga iyayenmu na wannan ƙasa. A Rum a 1960 ya ci gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik ƙafa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16. A Tokiyo a 1964 ya sake ci da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11. Rashin takalmi bai hana shi ba. Abin da ya bambanta shi da ɗan ajinmu shi ne, shi a kan hanyar da aka auna ya yi gudu, a gaban agogon da duniya ta yarda da shi. Mu kuma dubi garin Iten na Kenya, inda wani malamin sakandare ɗan Ailan, Colm O'Connell, wanda ya isa can a 1976, ya yi ta renon yara a filin ƙasa har aka sami irin su David Rudisha, wanda ya yi mita 800 cikin minti 1 da sakan 40.91 a Landan a 2012. Da agogo da littafi da naci aka fara, shimfiɗar roba daga baya ta zo.

Saboda haka ga abin da muke ganin yana cikin ikonmu, mu ɗalibai da yayyenmu ma'aikata, ba sai mun jira kowa ba.

Na ɗaya, a auna fili. Kowace sakandare ta nemi tef na ƙarfe ta auna mita ɗari a wuri mai daidaito, a binne dutse ko siminti a farko da ƙarshe, don kada a sake komawa ga taki. 'Yan'uwanmu masu karatun safiyo da injiniya, aikin yini ɗaya ne a gare ku cikin hutun nan.

Na biyu, a gyara riƙon agogo. A sa mutum uku a kan wanda ya zo na ɗaya, a koya musu su duba alama su bar jiran ƙara. In babu bindiga, allo biyu da ake tafawa sama da kai sun isa, domin ana ganin haɗuwarsu daga nesa. Wani kuma ya tsaya daidai layin ƙarshe ya ɗauki hoton bidiyo da waya, don raba gardamar wanda ya riga. A rubuta a fili cewa lokacin na agogon hannu ne, kada mu yaudari kanmu.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, a buɗe littafi. A rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya, da ranar gasa, da abin da ya yi, da sunayen waɗanda suka auna. Makaranta ta riƙe nata, a aika da kwafi ofishin ilmi na ƙaramar hukuma a Ribah. Yayyenmu ma'aikata, a nan ne alhakin ya hau kanku, domin ku kuka san yadda fayil ke rayuwa da yadda yake mutuwa. Rage shekarun yaro don ya ci na ƙasa da shi, ha'inci ne daidai da shan ƙwaya, kuma da alƙalamin ma'aikaci ake yin sa.

Na huɗu, duk shekara a duba littafin a zaɓi yaro ko yarinyar da lambarsu ta fita daban, a haɗa kuɗin mota a kai su inda ake gasa da agogon lantarki. Mun ce har da yarinya da gangan, domin zinariyar Olamfik ta farko da wani ɗan Nijeriya ya ci shi kaɗai, mace ce ta ciyo ta, Chioma Ajunwa, da tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996. In an je an gwada aka ga ba su kai ba, mun huta da zato. In kuwa sun kai, to, lokacin ne zancen takalmi mai tsada zai taso, kuma a lokacin masu takalmin da kansu za su zo nema.

Malam Shugaban taro, mun ga yadda katifa ta sake salon tsalle, yadda sanda da takalmi suka ƙara wa gwani tsawo da sauri, da yadda hukumomi ke ta jan layi don kada kayan aiki su rinjayi mai aikin. Wannan muhawara ce ta waɗanda suka riga suka ƙoshi da awo. Mu namu matakin yana baya da nan, kuma ya fi araha ƙwarai: tef ɗaya, agogo uku, littafi ɗaya, da mutanen da ba za su rubuta ƙarya ba. Ɗan ajinmu ya riga ya wuce, amma ƙannensa suna nan, kuma in Allah ya kai mu, bana ma za a ja layi da toka a busa usur. Muna roƙo kafin ranar a sami wanda zai je da tef.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, manya su gyara mana.